Allah, Ikilisiya da Iyali: Matsalar Fifiko a Rayuwar Kirista

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce nazarin wata matsala wadda ta daɗe tana damun Kirista a ƙasashen da ake sujada da harshen Hausa, watau yadda mutum zai sauke haƙƙin Allah, da na ikilisiyarsa, da na iyalinsa, ba tare da ya tauye ɗaya domin ɗaya ba. Galibin masu wa'azi sukan warware matsalar da jeri irin na matakala, su ce Allah ne farko, sa'an nan iyali, sa'an nan ikilisiya. Waɗansu kuwa sukan sa ikilisiya a mataki na biyu. Ra'ayinmu a nan shi ne wannan jeri bai wadatar ba, domin ya mai da Allah ɗaya daga cikin masu neman rabon lokacin mutum, alhali kuwa a koyarwar Kirista lokacin duka nasa ne. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa gida da ikilisiya fage biyu ne na bauta guda, kuma rikici yakan taso ne sa'ad da aka ɗauki hidimar ikilisiya kaɗai a matsayin bautar Allah. Za mu dubi ma'anar kalmomi, da nassoshin Littafi Mai Tsarki, da tarihi, kana mu gangaro kan yadda abin yake a ikilisiyoyin arewacin Nijeriya.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Akwai kalmomi uku da akan cuɗanya su a baka, watau ikilisiya, da majami'a, da coci. Kalmar ikilisiya asalinta daga Girkanci ne, inda take nufin taron jama'ar da aka kira. Saboda haka mutane take nufi. Majami'a kuwa ita ce wurin taruwa, watau ginin. Coci ararriya ce daga Ingilishi, kuma akan yi amfani da ita ga ginin, da jama'ar, har da ƙungiyar da ke da ofis da ma'aikata. Wannan cuɗanya tana da illa, domin in mutum ya ce ya ba da ransa ga coci, ba a san ko jama'ar Allah yake nufi ba, ko kuwa jerin tarurrukan da aka liƙa a allon sanarwa.

Haka nan kalmar iyali tana bukatar lura. Littattafan da aka rubuta a Turai da Amurka kan wannan batu galibi miji da mata da 'ya'yansu kaɗai suke nufi. A ƙasarmu kuwa nauyin magidanci ya wuce nan: akwai iyaye tsofaffi a ƙauye, da ƙanne masu karatu, da marayun ɗan'uwa, da surukai. Duk shawarar da ba ta lissafta da wannan faɗin ba, ba za ta yi aiki a Zariya ko Jos ko Biu ba.

3.0 Abin da Littafi Mai Tsarki Ya Nuna

3.1 Fifikon Allah

Babu gardama cewa Littafi Mai Tsarki ya ɗora Allah bisa kome. Doka ta fari cikin Dokoki Goma ta hana a haɗa shi da wani, kuma a Matiyu 10:37 Yesu ya nuna cewa wanda ya fi ƙaunar mahaifi ko ɗa a kansa bai cancanci zama almajirinsa ba. A Luka 14:26 maganar ta fi tsanani, domin an yi amfani da kalmar ƙi game da iyaye da mata da 'ya'ya. Masana sun bayyana cewa wannan salon maganar Ibraniyawa ne, inda ƙi yake nufin rashin fifitawa. Ana ganin irinsa a Farawa 29, inda aka ce Yakubu ya fi ƙaunar Rahila, nan take kuma aka kira Lai'atu wadda aka ƙi, ko da yake ita ta haifa masa 'ya'ya maza shida.

Abin lura shi ne waɗannan nassoshi suna magana ne kan ranar da dangi suka tsaya tsakanin mutum da bangaskiyarsa, suka ce ya zaɓa. Ba su yi magana kan taron kwamitin gini na ranar Talata ba. Wanda ya janyo Luka 14:26 domin ya kare kansa daga ƙorafin matarsa cewa yara ba sa ganinsa, ya sa ikilisiya a gurbin da Almasihu ya keɓe wa kansa.

3.2 Haƙƙin Iyali

Nassi mafi muhimmanci ga batunmu yana cikin Markus 7:9-13. A zamanin Yesu akwai al'adar da mutum zai furta cewa dukiyarsa Korban ce, watau keɓaɓɓiya ga Allah, da haka kuma sai ya kuɓuta daga taimakon iyayensa da ita. A zahiri wannan mutum ya fifita Allah a kan iyali. Amma Yesu ya hukunta cewa ya rushe dokar Allah ne da al'adar mutane, domin Allah da kansa ne ya umarta a girmama uba da uwa. Ke nan ba a iya ba Allah abin da aka ƙwace daga bakin wanda Allah ya ce a ciyar.

Manzo Bulus ya bi wannan tafarki. A 1 Timoti 5:8 ya ɗauki wanda ba ya kula da danginsa, balle mutanen gidansa, a matsayin wanda ya musunta bangaskiya. A sura ta 3 ta wannan wasiƙa ya sa iya riƙon gida cikin sharuɗɗan zama shugaban ikilisiya, bisa hujjar cewa wanda ya kasa da ƙaramin garke ba zai iya da babba ba. A 1 Bitrus 3:7 an nuna cewa rashin kyautata wa mace yakan tare addu'ar mijinta. Tun a Attaura ma, a Maimaitawar Shari'a 24:5, an ɗauke wa sabon ango fita yaƙi da kowace hidimar jama'a har shekara guda, domin ya zauna da amaryarsa. Shi kansa Yesu, yana bisa gicciye, ya danƙa mahaifiyarsa ga almajirinsa domin ya riƙe ta, kamar yadda Yahaya 19 ya ba da labari.

Akwai kuma misalan gargaɗi. Eli firist ya yi wa Isra'ila shugabanci shekara 40, amma 'ya'yansa Hofni da Finehas suka lalace a ƙofar wurin sujada, aka kuma hukunta gidansa domin bai hana su ba. Sama'ila, wanda ya tashi a hannun Eli ya ga wannan da idonsa, shi ma 'ya'yansa suka zama masu cin hanci, har wannan ya zama hujjar da dattawan Isra'ila suka kawo sa'ad da suka nemi sarki.

3.3 Haƙƙin Ikilisiya

Kada a ɗauka cewa nassi ya bar ikilisiya a baya. Ibraniyawa 10:25 ta yi gargaɗi a kan barin taruwa. A Markus 3 Yesu ya kira masu aikata nufin Allah uwarsa da 'yan'uwansa, watau ya kafa wani zumunci wanda bai dogara ga jini ba. A cikin misalin babban biki na Luka 14, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙi amsa gayya sabon aure ya kawo uzuri. Hananiya da Safiratu kuwa, a Ayyukan Manzanni 5, miji da mata ne da suka haɗa baki suka yaudari ikilisiya a kan kuɗin fili. Saboda haka haɗin kan gida ma yana iya zama haɗin kai ga saɓo.

4.0 Waiwaye Cikin Tarihi

Kirista na farko ba su san wannan rabuwa tsakanin gida da majami'a kamar yadda muka san ta ba, domin a gidaje suke taruwa. Wasiƙun Bulus sun ambaci ikilisiyar da ke gidan Akila da matarsa, da ta gidan Nimfa, da ta gidan Filimon. Ɗaya daga cikin wuraren sujada mafi tsufa da masu tonon kufai suka gano, a Dura-Europos ta ƙasar Siriya, gidan zama ne da aka gyara wajen shekara ta 240. Sai bayan da Sarki Kustantin ya halatta addinin a shekara ta 313 aka shiga gina manyan majami'u ko'ina. Duk da haka malaman ƙarni na huɗu da na biyar ba su saki gida ba. Yahaya Kirisostom, wanda ya rasu a 407, ya riƙa kwatanta gidan Kirista da ƙaramar ikilisiya, Agustin kuma ya kwatanta aikin magidanci a gidansa da na bishop.

Martin Luther, wanda ya yi aure a 1525, ya rubuta ƙaramin littafinsa na koyarwar addini a 1529 musamman domin magidanta su koya wa mutanen gidansu. Ikilisiyar Katolika ma ta farfaɗo da wannan ra'ayi a Majalisar Batikan ta Biyu, inda takardar da ta fitar kan ikilisiya a 1964 ta kira iyali ikilisiyar gida. Paparoma John Paul na Biyu ya faɗaɗa bayanin a wasiƙarsa kan iyali ta 1981.

To, daga ina karkatar ta fito? Muna ganin dalilai biyu. Na farko shi ne makarantar Lahadi. Robert Raikes ya fara ta a Gloucester ta Ingila a 1780 domin yaran talakawa masu aiki a masana'antu, waɗanda ba su da mai koya musu karatu. Da tafiya ta yi nisa sai ta zama ta kowane yaro, iyaye da yawa kuma suka sallama mata aikin da Maimaitawar Shari'a 6 ta ɗora musu, watau koya wa 'ya'ya a zaune da tafe, da kwanciya da tashi. Sa'a guda a mako ba ta iya ɗaukar wannan kaya.

Dalili na biyu shi ne misalin da manyan masu bishara suka bari. John Wesley ya yi aure a 1751 da ƙudurin cewa aure ba zai rage masa wa'azi ko tafiya ba. Auren ya wargaje, kuma sa'ad da matar ta rasu a 1781 bai halarci jana'izarta ba. David Livingstone ya sa matarsa da 'ya'yansa a jirgin ruwa zuwa Birtaniya a 1852, bai sake ganinsu ba sai a ƙarshen 1856. Ba mu kawo waɗannan domin rage darajar aikinsu ba, sai domin masu ba da labarinsu sukan lissafta wahalar iyalansu cikin kambin yabo, har masu saurare su zaci cewa watsi da gida alamar kira ce.

'Yan mishan da suka shigo arewacin Nijeriya sun zo da wannan gado, da kyawunsa da nauyinsa. Mishan ta SIM ta kafa tasha a Patigi a 1902, SUM ta sauka Wase a 1904, Dokta Walter Miller na CMS ya zauna a Zariya daga 1905 kafin a koma Wusasa a 1929, mishan ta 'Yan'uwa kuma ta fara aiki a Garkida a 1923. Da yawansu sun rabu da 'ya'yansu tun suna ƙanana domin karatu, ko dai a Turai da Amurka, ko a makarantun kwana kamar Hillcrest da aka buɗe a Jos a 1942. Har wa yau, sabbin tuba da yawa a wancan zamani danginsu sun kore su, sai harabar mishan ta zama musu gida, da makaranta, da asibiti, da wurin neman aure. A irin wannan hali daidai ne ikilisiya ta cika dukan mako. Amma bayan da aka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aka kafa ECWA a 1954 da tarayyar TEKAN a 1955, aka kuma sami gidajen da kakanni da jikoki duk Kirista ne, sai tsarin ya ci gaba kamar dā, bai koma ya mai da wa gida aikinsa ba.

5.0 Inda Matsalar Take Bayyana

5.1 Lokaci

Bari mu ɗauki, alal misali, gidan da maigida dattijon ikilisiya ne, uwargida tana cikin Zumuntar Mata, babbar 'ya tana cikin mawaƙa, ɗa kuma yana cikin zumuntar matasa. Kowace ƙungiya tana da ranarta, ga addu'ar tsakiyar mako, ga nazarin Littafi Mai Tsarki, ga kwanan addu'a a ƙarshen wata, ga taron gunduma, ga ziyarar marasa lafiya da ta'aziyya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abu ne mai kyau. Amma in aka haɗa su, sai a tarar mako ya ƙare mutanen gidan ba su ci tuwon dare tare ba ko sau ɗaya. Ranar Lahadi ma maza suna gefe guda, mata suna gefe guda, yara suna makarantar Lahadi. Babu wanda ya shirya raba wannan iyali. Kowace ƙungiya ta tsara nata ne ba tare da duban na sauran ba, gida kuwa ba shi da wakili a majalisar dattawa.

5.2 Dukiya

Ban da zakka da baiko na kullum, akwai gudummawar gini, da ta bikin godiya na kaka, da ankon ƙungiya, da taron tara kuɗi inda akan kira suna a faɗi abin da kowa ya bayar. Kunya takan sa mutum ya yi alkawarin abin da ba shi da shi, kuɗin makarantar yara ko na maganin tsohuwa su tafi a kai. Wannan ita ce Korban ta zamaninmu. Bulus ya shimfiɗa ƙa'ida a 2 Korantiyawa 8 da 9 cewa bayarwa gwargwadon abin da mutum yake da shi ce, ba bisa tilas ba. Bugu da ƙari, a 1 Timoti 5:16 ya umarci masu bi su riƙe gwaurayen danginsu domin kada a nawaita wa ikilisiya. Ke nan wanda ya ciyar da tsohuwarsa ya rage wa ikilisiya kaya, ya kuwa yi mata hidima ko da ba a rubuta sunansa a littafin ma'aji ba.

5.3 Gidan Fasto

A nan ne matsalar ta fi tsanani. Gidan fasto galibi yana cikin harabar majami'a, ƙofarsa kuma ba ta rufuwa. Matarsa ana sa ran ta shugabanci mata, ta sauki baƙi, ta sasanta ma'aurata, ba tare da an naɗa ta ko an biya ta ba. 'Ya'yansa kowa yana sa musu ido, sauyin wurin aiki kuma yakan katse musu karatu. Sau da yawa fasto yakan zama inuwar giginya, na nesa ka sha: yana da haƙurin sauraron kowa sai mutanen gidansa. Maganin da nassi ya bayar tsoho ne. A Fitowa 18 Yetro ya kawo wa Musa matarsa da 'ya'yansa biyu, ya ga yadda yake zaman shari'a daga safe har yamma, ya gargaɗe shi cewa zai gaji ya kuma gajiyar da jama'a, ya ba shi shawara ya naɗa shugabanni na dubu, da na ɗari, da na hamsin, da na goma. Manzanni ma haka suka yi a Ayyukan Manzanni 6, suka zaɓi mutum bakwai domin rabon abinci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5.4 Gidan da Addini Ya Bambanta

A ƙasar Kano da Katsina da Zazzau da sauran wurare akwai zuriyar da za a sami Kirista da Musulmi da mai bin addinin gargajiya a tsakar gida ɗaya. Wani sabon tuba yakan zaci yanke zumunci shi ne cikar bangaskiya. Amma dokar girmama iyaye ba ta zo da sharaɗin addininsu ba, kuma a 1 Korantiyawa 7 Bulus ya hana mai bi rabuwa da abokin aure marar bi muddin ya yarda su zauna. Iyakar da aka sa ita ce kada ya musunta bangaskiyarsa. Abin da bai kai nan ba, kamar gaisuwa, da jinya, da taimakon noma, da halartar suna da ta'aziyya, bashi ne a kansa.

6.0 Ɗaya Gefen

Adalci ya wajabta mu ambaci karkata ta biyu, wadda ta fi yawa a birane. Akwai magidantan da suka mai da iyali uzuri: ba su da lokacin sujada sai ran bikin Kirsimeti, ba su da abin ba maraya domin suna tara wa 'ya'yansu. Irin wannan gida yakan rasa abin da ikilisiya kaɗai take bayarwa, watau baftisma da Jibin Ubangiji, da koyarwar da ta fi sanin maigida, da tsawatarwar dattawa sa'ad da shi kansa ya kauce. Matar da mijinta yake zaluntarta tana bukatar wata ƙofa da za ta ƙwanƙwasa. Gwauruwa da maraya da wanda bai yi aure ba kuwa, ikilisiya ce iyalinsu, in kowa ya kulle kansa a gidansa su ne za su kwana a waje.

7.0 Shawarwari da Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna ba da shawarwari huɗu. Na farko, majalisar dattawa ta haɗa jadawalin dukan ƙungiyoyi wuri ɗaya, ta keɓe aƙalla maraice biyu a mako waɗanda ba a kiran kowane taro. Na biyu, a koya wa iyaye yadda ake sujadar gida, ko da ta minti 15 ce, a kuma ɗauki makarantar Lahadi a matsayin mataimakiya. Na uku, a daina kiran suna da adadi a wajen tara gudummawa. Na huɗu, makarantun horar da fastoci, irin su kwalejin tauhidi ta Bukuru da aka buɗe a 1959, su ba riƙon gidan ma'aikaci muhimmanci daidai da wa'azi, ikilisiyoyi kuma su tabbatar wa fasto ranar hutu da hutun shekara.

A taƙaice, mun nuna cewa tambayar wane ne farko ba ta warware kome, domin Kirista bai isa ya sallami Allah da kaso ɗaya cikin uku na ransa ba. Tambayar da ta dace ita ce: a wannan sa'a, a wane fage Allah yake neman biyayyata? Wata rana amsar ita ce majami'a, ko da baƙi sun cika gida. Wata rana kuwa ita ce bakin gadon yaro mai zazzaɓi, ko da an buga ƙararrawa. Muna fata masu nazari za su ci gaba da bincike a kan wannan batu, musamman ta hanyar jin ta bakin matan fastoci da 'ya'yansu, waɗanda su ne suka fi kowa sanin nauyin abin.